Kwana Biyu a Keswick

Na cika firji da miya, na rubuta ranaku a kan murafe,
na ce wa Nafi'u, "Yara naka ne zuwa Lahadi."
Ya dube ni kamar na ce zan je Makka a ƙafa.
"Wa kika sani can?"
Na ce, "Ba kowa. Dalilin tafiyar ke nan."

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Penrith,
bas ta kwashe mu tana lanƙwasa
tsakanin katangun da ba siminti, ba laka,
duwatsu zalla, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa,
shekara da shekaru ba wanda ya ce ya gaji.
Na kawar da kai.
Ban biya kuɗin mota don a yi min wa'azi ba.

Mai masauki, Madam Birkett,
ta miƙo mabuɗi ɗaure da guntun katako.
"Ke kaɗai?"
Na buɗe baki zan jero uzuri,
ashe har ta juya tana nuna min makunnin fitila.

Ƙarfe biyun dare idona ya buɗe tar.
Lokacin juya tsohuwar ɗaki na tara ne,
a duba numfashi, a canza zanen gado.
Na sauko da ƙafa ina laluben takalmin aiki.
Ba ƙararrawa. Ba mai kira.
Ruwan sama ne ke daka a kan rufi,
dakan wadda ba a jiran tuwonta.

Da safe na gangara bakin Derwentwater.
Tafki na kwance,
ya goya dutsen Catbells kai ƙasa,
gajimare ya sauko ya yafa musu mayafi su biyu.
A garinmu ruwa mai yawa haka ba ya zaman banza:
da ka ga masu wanki, da jarkoki a layi,
da shanu har gwiwa, da yara na alkafura.
Nan kuwa na agwagi ne,
sai wani dattijo mai jefa wa karensa sanda.

Na tsoma hannu zan yi alwala,
sanyi ya cije ni har cikin haƙori.
Na tuntsire da dariya, ni kaɗai,
wata tunkiya mai ruwan toka da farar fuska
ta ɗago, ta ƙare min kallo,
ta koma kiwonta.

Rabin dutse gwiwata ta ce ta ƙoshi.
Masu sanduna bibbiyu na wucewa
suna murmushi, "Saura kaɗan!"
Shekara goma sha ɗaya ana ce min saura kaɗan.
Na nemi fa, na zauna,
na kwance kilishin da na ɓoye a ƙasan jaka,
na ci ba yanka huɗu, ba "sam min,"
har yajin da ya maƙale a takarda na lashe.
Can ƙasa jirgin ruwa, kamar allura,
na ɗinke tafkin yana sake warwarewa.

Da magariba na kunna waya.
Muryar Siyama: "Mama, ina ɗayar safata ta makaranta?"
Na san inda take,
bayan kujerar falo, kusa da tagar da ba ta rufuwa.
Yatsana ya kai, ya tsaya.
Mai nema yana tare da samu.
Na kife wayar.

Daren nan ƙarfe biyu ta zo ta wuce ban sani ba.
Na makara har asuba, Allah Ya yafe min.
Na sauko, an riga an kwashe tebura,
sai guda a bakin taga:
burodi, dafaffen ƙwai, shayi a fulas,
an kifa faranti a kai kada ya huce,
da 'yar takarda mai lambar ɗakina.

Na daɗe a tsaye ban buɗe ba.
Ina ta lissafi,
rabona da a rufa min abinci.